Ajiya a Lambun Auta

Da tsakar rana Mai Wardi ya fara ganin abin. Ya shiga rumfar baya ne don ya ɗauko almakashin da ya manta, sai idonsa ya faɗa kan uwayen, wato manyan wardin da yake yankar ido, ɗan ƙullin toho, daga jikinsu yana aura wa ƙanana su haɗe su zama ɗaya. Ɗaya a cikinsu ta sunkuyar da kai. Ba duk jikinta ba, ɓari guda ne ya yi yaushi, ɗaya ɓarin yana tsaye kyam. Ya tura yatsa cikin ƙasar tukunyar, ya ji ta da danshi sharkaf. Shukar da ta sha ruwa da safe har ta bari, me zai sa ta langaɓe? Ya duba ta kusa da ita, ya ga ita ma ganyen samanta ya fara saki.

A layin masu furanni, inda lambuna suka jeru a gefen titin da ya fita gari, kowa yana da abin da ake saninsa da shi. Shi wardi ne, ja wur har yana neman komawa baƙi, mai ƙanshin da kan tsayar da mai wucewa. Shekaru ya yi yana zaɓe yana zubarwa kafin ya samu waɗannan uwayen. Sauran abin da ke lambun, ledojin dashe da ciyawar ado da furannin gefen hanya, duk rakiya ce. Da uwayen nan ya aurar da 'ya, da su ya rufa ɗaki, kuma saboda su ne otal-otal da masu ƙawata wurin taro suke wuce lambu goma su tsaya a ƙofarsa. Mutum ne mai tsoro tun asali, irin wanda in ya kulle ƙofa sai ya koma ya girgiza kwaɗon, to balle yau da tsoron ya samu dalili.

Dalilin kuwa bai daɗe da zuwa layin ba. An tara masu lambunan ne a rumfar ƙungiya, aka ce gwamnati ta ware kuɗi don binciken cutar yaushi da ke kashe furanni a wasu yankuna. Dariya aka fara yi. Rediyo, maƙwabcinsa na dama, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in yana barci, ya ce, "Ikon Allah! Gwamnati ta tuna da fure? To ku duba sama, wataƙila yau za a yi ruwan ƙanƙara."

Matar da aka turo, wadda kowa ya kama kira Dakta, ba ta yi fushi ba. Siririya ce, takalminta duk taɓo, ga alamar gajiya a ido. Ta ce cutar tana shiga ta ruwan ban-ruwa da bakin wuƙa, ta toshe wa shuka hanyar shan ruwa daga ciki. Ta ce da rana shukar za ta yi yaushi, da yamma ta farfaɗo kamar ta warke, har ranar da ba za ta ƙara tashi ba. Ta ɗaga kofin gilashi da ruwa garau a ciki, ta ce in mutum yana shakka ya yanki kara ya tsoma bakinsa, ya jira. In wani farin zare ya fara sauka daga bakin karan, to ita ce.

"In kuma kuka same ta a lambun mutum fa?" in ji Rediyo.

"Za mu ɗebi samfuri, mu nemi yadda za a tsabtace ruwa, mu gwada irin gindin shukar da ke jure mata."

"Ba wannan nake tambaya ba, ranki ya daɗe. Tukwanen mutum nake nufi."

Da ta iya ƙarya irin ta ma'aikata, da ta ce a bari sai an ga hali. Amma sai ta faɗi gaskiya: wadda ta kamu za a ƙone ta, da na kusa da ita, kuma lambun zai dakata da sayarwa na wani lokaci. Ta ci gaba da bayanin tallafin da zai iya biyo baya, amma wa ya ji? Daga kalmar ƙonewa kunnuwa suka toshe.

Wannan kalma ce take yi wa Mai Wardi amsa-kuwwa yanzu, yana tsaye a kan uwayensa. Ya leƙa waje ya ga ba kowa. Ya yanki ɗan kara daga ɓarin da ya yi yaushi, ya shiga ɗakin kayan aiki ya turo ƙofa. Tsakanin buhunan taki da tsofaffin tiyo ya ajiye kofin gilashi da ruwa a kan tagar da haske ke shigowa, ya tsoma karan. Ya yi ta addu'a, duk wadda ta zo bakinsa. Da farko ruwan garau, har ya fara sakin numfashi. Sai ga shi, siriri, fari, yana sulalowa ƙasa a hankali kamar an ɗiga nono a ruwa. Ya watsar da ruwan ta taga, ya zauna a kan buhu.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar da cokali a inda ta sa shi.

"Maigida, lafiya? Ko furen ne ya yi maka yaji?"

Ya gaya mata, da muryar da ko shi bai san ta ba. Ta daina dariya.

"To ka kira matar nan mana. Ba don wannan aka turo ta ba?"

"In kira ta ta zo da ashana?"

"In ba ka kira ta ba, ciwon zai ji kunyarka ya tafi?"

"Ke ba ki san shuka ba," in ji shi, ya tashi ya bar mata tabarmar. Gaskiya ce ba ta san shuka ba, amma ta san mijinta, shi ya sa ta bi shi da ido kawai.

Dabarar daga Rediyo ta fito, kuma bai ma san wa yake ba wa ba. Washegari ya jingina da shingen da ya raba su yana ba da rahoton safe: motar Dakta ta fara daga saman layi, lambun da aka gama dubawa ana shafa masa koren fenti a ƙofa, kuma wanda aka shafa wa ba a komawa kansa.

"Ni abin da ke ba ni dariya," in ji shi yana rage murya, "sun ɗauka gonar hatsi suke dubawa. Tukunya ai ba bishiya ba ce. Ka ba ta baro ka ga ko ba ta da ƙafa." Ya ƙyalƙyale da dariya, sannan ya ƙara da cewa, "Ƙanwarka ma an shafa mata tun jiya. Ita aka fara yi wa."

Auta ke nan, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ya goya a bayansa tana jaririya. Da aikin ofis ɗinta ya ƙare, wurinsa ta zo ta koyi sana'a, ta yi ta cika leda da ƙasa har farcenta ya lalace, kafin ta kama ɗan fili a saman layin. Bana ce shekararta ta farko. Ta jera gindin wardi layi-layi, sun yi kauri sun isa aure, wato a ɗaura musu ido, ido mai kyau kawai take nema. Ta sha roƙonsa idon jan nan nasa, shi kuma kullum amsarsa ɗaya, "Sai hannunki ya nuna."

Ya jira har rana ta yi sanyi, lokacin da masu ciwon suka miƙe suka yi kamar lafiyarsu ƙalau. Ya bi su da almakashi ya datse duk reshen da zai tona asiri, ya cusa a buhu. Sannan ya loda uwayen gaba ɗaya a a-kori-kurar da ya aro, masu ciwo da masu lafiya, don bai san wace ce ta kamu ba ta nuna ba. A hanya ya ci karo da baro biyu an lulluɓe su da buhu, masu tura su suka gaishe shi ba tare da sun dube shi ba, shi ma ya amsa yana kallon titi.

Auta ta fito da gudu tana goge hannu a zani.

"Yaya! Yau uwayen ne da kansu suka kawo mini ziyara?"

"Rumfar baya zan gyara, ragar ta yage. Ajiya ce ta 'yan kwanaki."

"Ai ko shekara ce."

Ta nuna masa wuri mai inuwa a can sama, inda filin ya fi tudu. Tana taya shi saukewa tana yi masa fahariyar aikinta: ta yi wa layukan kwata da siminti, duk ruwan da ya tsiyaye daga tukwane sai ya gangara ya koma tanki, ta sake ba da shi, ko ɗigo ba ya ɓata. Ya ji ta, kunnensa ya ji sarai, amma hankalinsa yana kan titi, ko farar mota za ta ɓullo.

"Ki ji ni da kyau," in ji shi. "Kada ki ba su ruwa, kada ki taɓa su. Ni zan riƙa zuwa da kaina."

"Kai, Yaya! Sai ka ce zinariya. Cinye su zan yi?"

"Na dai gaya miki."

"To, na ji. Ka gaida Anti."

Ranar da layi ya zo kansa, tun safe yake zaga lambun yana share inda ya riga ya share. Dakta ta shigo da safar hannu da ƙaramin akwatin sanyi. Ta bi layuka tana ɗaga ganye, tana yankar kara nan da can, tana goge wuƙarta da magani bayan kowane yanka. Ya bi ta a baya yana amsa tambaya kafin a gama yi masa ita. Da suka isa rumfar baya ta tsaya cak. Shi ma ya duba, sai ya ga abin da tsintsiya ba ta iya sharewa ba: shatin gindin manyan tukwane, zagaye-zagaye a kan daɓen, wurin da rana ba ta taɓa gani ba, ya fi sauran duhu.

"Baba, nan fa? Me ke nan a da?"

Ya kau da ido daga shatin.

"Na sayar," in ji shi.

"Duka?"

"Duka. Wani mai otal ne."

Ta daɗe tana kallon shatin, sannan ta dube shi. Ba kallon tuhuma ba ne, da shi ne ma da ya fi sauƙi.

"Baba, lambu nawa na shiga a layin nan na ga irin wannan shatin. Kowa ya yi ciniki a mako ɗaya, ma sha Allah. Wallahi ba wuta na zo sa wa kowa ba. In akwai wadda ba ta da lafiya, ko guda ce, nuna mini."

Saura kaɗan ya faɗa. Maganar ta zo har maƙogwaronsa. Sai ya ga uwayen a idon zuciyarsa an tara su a rami ana zuba musu kananzir, ya haɗiye ta.

"Babu, ranki ya daɗe."

Ta ɗebi ruwan tankinsa a ƙaramar kwalba, ta shafa koren fenti a ƙofa da hannunta. Tana shiga mota ta ce sakamako zai ɗan ɗauki lokaci, kuma tana iya biyowa ko yaushe in ruwan wani ya nuna alama.

Wannan "ko yaushe" ita ta ɗaure shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya kasa dawo da uwayen, kada ta biyo ta gan su a kan shatinsu. Ya kuma kasa zuwa ba su ruwa kamar yadda ya yi alkawari, don duk ranar da ya kama hanyar saman layi sai ya hango farar motar, ko wata mai kama da ita, ya juyo yana kamar ya manta wani abu. Ko ƙarar birki ya ji a ƙofa sai ya leƙa ya ga ko ita ce. Ya koma kiran Auta a waya.

"Auta, yaya ajiyata?"

"Suna nan lafiya lau, Yaya. Kada ka damu."

"Ba ki taɓa su ba dai?"

"Haba, Yaya," in ji ta tana dariya, sai ta sako zancen makarantar yara. Ya san wannan dariyar tun tana ƙarama, ita take yi in ta sha masa shayi ta mayar da kofin. Amma bai matsa ba, don yana tsoron amsar.

Aka sake tara su a rumfar ƙungiya. Wannan karon ba wanda ya yi barkwanci, har Rediyo. Dakta ta tsaya ba kofi ba akwati.

"Ina taya ku murna," in ji ta. "A duk samfurin da muka ɗauka a layin nan, ba mu samu cutar ba."

Wani ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya daina.

"Saboda haka hukuma ta ce yankin nan ba ya cikin masu buƙata. Kuɗin da aka ware na zagayen farko ne, a ga ko akwai matsala. Da an samu, da an buɗe na biyu, na maganin ruwa da gwajin shukar da ke jure cutar da tallafin wanda ya yi asara. Ba a samu ba, an mayar da shi wani fanni. An riga an kwashe kayan ɗakin gwajin, ni ma an mayar da ni wani aiki." Ta bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Na rubuta musu cewa ban yarda da sakamakon ba. Suka ce in kawo shuka mai ciwo. Ba ni da ita."

Manyan mutane masu furfura, kowa ya samu abin kallo a kan takalminsa. Mai Wardi ya ji wani sauƙi ya sauko masa, ba wuta, ba rami, uwayensa sun tsira, sai kuma kunyar jin sauƙin ta biyo baya. Ya waiga yana neman Auta a cikin taron, bai gan ta ba. Auta kuwa ba ta taɓa fashin taro ba.

Motar Dakta na fita layin ya ari a-kori-kura ya nufi sama. Rana ta take, irin lokacin da shuka ba ta iya ɓoye komai. Ya tura ƙofar mai koren fenti ya shiga, ya tsaya.

Layukan gindin wardin Auta, daga sama har ƙasa, sun sunkuya. Wasu ɓari guda, wasu gaba ɗaya. A jikin kowanne akwai ɗan ƙyallen roba da aka naɗe wurin aure da shi, naɗi mai kyau, tsaf, irin wanda shi ya koya mata. A wasu ma idon ya kama har ya yi toho, ɗan jan ganye ya leƙo ya langaɓe. Tana can tsakiyar layi da tiyo a hannu, zaninta ya jiƙe har gwiwa, tana ta zuba musu ruwa. Da ta gan shi ta saki tiyon ta taho, idanunta sun kumbura.

"Yaya, na kasa zuwa taron. Na kasa haɗa ido da kai."

Yana kallon can sama, inda uwayen suke. Ba guda ɗaya da ke tsaye a cikinsu.

"Ka ce kada in taɓa, na sani. Amma ka daina zuwa, ga rana, ƙasarsu ta bushe, ni kuma ba zan iya kallon shuka tana ƙishi ba. Na ba su ruwa. Da nake ba su sai na ga idanun nan sun cika sun yi ɓul-ɓul, ga ƙananan wardina sun isa aure. Na ce bari in ɗan ɗiba, in sun kama in nuna maka ka ga hannuna ya nuna." Ta nuna layukan da hannu. "Da farko ɗaya na yi. Sai na yi layi. Sai na kasa tsayawa."

"Auta..."

"Bari in gama, Yaya. Ban san me na yi ba daidai ba. Ko wuƙata ce ba ta da kyau, ko ƙasata ce, ko ruwan tankin nan da na yi ta fahariya da shi. Nawa ba komai, Allah ya sa haka. Amma naka! Lafiya lau ka kawo mini su, amana ka ba ni, na kashe maka su." Ta durƙusa a cikin taɓon ta kama bakin rigarsa. "Don Allah ka yafe mini. Mu kira Daktar nan, ita za ta san abin yi. Ai don wannan gwamnati ta turo ta."

"Ta tafi."

"To yaushe za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba. An rufe aikin. Sun ce layinmu ba cuta."

Ta ɗago kai tana dubansa, ba ta gane ba. Ga ƙofar tsira a buɗe a gabansa, in ya so. Zai iya ce mata ya yafe, ya ɗaga ta, ya ce kuskure ai na kowa ne, ta yi ta gode masa har ƙarshen rayuwarta tana ba 'ya'yanta labarin haƙurin kawunsu. Ba wanda zai taɓa sani sai matarsa, ita ma ba za ta faɗa ba. Duk tsoron da ya sha a kwanakin nan bai kai na wannan lokacin ba, don wancan na wuta ne, wannan kuwa na idon ƙanwarsa ne.

"Tashi, Auta," in ji shi. "Ba ke ba ce. Da ciwonsu na kawo su."

Ba ta tashi ba.

"Ragar da ta yage fa?"

"Ba abin da ya sami raga."

Ta saki rigarsa a hankali. Ta juya ta dubi layukanta, tun daga na kusa da ƙafarta har na jikin shinge, kamar yau ta fara ganinsu. Ba ta yi kuka ba, kukan ma ya tsaya. Ya miƙa hannu zai ɗaga ta, ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta.

"Duk lokacin da ka kira ni kana tambayar ajiyarka," in ji ta, "ko sau ɗaya ba ka tambayi nawa ba, Yaya."